Moɗar Baba Fasto

Babanmu fasto ne a wata ƙaramar majami'a a Sabon Gari, amma zuciyarsa tana filin ƙwallon jami'a a Samaru, inda ya yi shekara da shekaru yana yi wa 'yan wasa addu'a kafin su shiga fili. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Mama takan ce kujerun gidanmu ba su san nauyinsa ba.

Yana da wata tsohuwar moɗa ta silba, duk ta lotse. Dokarsa guda ce: in an tafi hutun rabin lokaci, da ita kowa zai sha ruwa, Musulmi da Kirista, ɗan Zariya da ɗan kudu. Abin yana da asali. Shi ɗan Maguzawa ne daga wani ƙauye a bayan Bomo, kuma yana saurayi wani mai shayi a Samaru ya ware wa irinsu kofi ɗaya, a rataye jikin ƙusa. Baba ya ƙi sha da shi. Kullum da safe sai ya zo ya zauna a benci, ba zagi, ba tashi, har abokansa suka fara taya shi zama, har mai shayi ya gaji ya sauke kofin. Daga nan rigimar ta koma kan rijiya, ta koma kan masu gidajen haya. Mun sha labarin nan har mun haddace.

Shekarar da aka yi rikici a gari, hawan jini ya kayar da shi. Yana kwance labari ya iso cewa 'yan wasansa sun rabu, kowa na zuwa da robar ruwansa, kowa na zama cikin nasa. Shi ke nan, barci ya ƙaurace masa. Likita ya hana shi shiga rana, amma wa ya isa? Wata Alhamis ya sa takalmi ya ce in ba zan kai shi ba, acaɓa zai hau. Na kai shi, ina tuƙi ina masifa tun daga Sabon Gari har Samaru, shi kuwa ya rungume moɗa kamar jariri.

Atisaye muka tarar suna yi. Da aka busa hutu, Baba ya cika moɗa ya nufi kyaftin ɗinsu, wani dogon Bazazzagi Musulmi da yake ji da shi kamar ɗan cikinsa. Kyaftin ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Fasto, a yi haƙuri, ba yanzu ba."

Baba bai tsaya jin ƙari ba. Ya tuntsurar da ruwan a ƙasa ya juya. Na bi shi muka shiga mota. Muna isa gida ya shiga safa da marwa, daga falo zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa bakin ƙofa. Ya gaya wa Mama shi da fili har abada, su nemi wani. Ya ce ashe kofin nan bai taɓa sauka daga ƙusa ba, shi ne ya yaudari kansa. Ya miƙo min moɗar ya ce in jefa ta a bola. Na cusa ta bayan randa, ina ta tsine wa kyaftin a raina.

Daf da magariba aka yi sallama. Kyaftin ne, ko rigar wasa bai cire ba, da dabino a hannu. Na tare ƙofa na wanke shi tas, ya tsaya yana jira har Baba ya fito. Nan ya ce azumi yake yi. Tun bayan rikicin yake azumtar Litinin da Alhamis yana roƙa wa golansu sauƙi, wani ɗan kudu da aka ji wa rauni, yana kwance a asibiti. Azumin nafila ba a tallarsa a gaban jama'a, shi ya sa ya kasa faɗa a fili.

Ladan ya ɗaga murya a masallacin bayan layinmu. Kyaftin ya ce, "Baba, ina moɗar? Da ita na zo in sha ruwa."

Baba ya kalle ni. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idonsa ba, don ya ɗauka tana bola. Na ɗauko ta, na ɗauraye, na cika. Kyaftin ya sha rabi ya miƙa masa. Baba ya karɓa ya shanye.

Mama ta shimfiɗa wa baƙonmu tabarma a tsakar gida ya ta da salla. Baba ya ja kujera ya zauna da moɗa a cinya, bai motsa ba har aka sallame.