Taken da Kaka Bai Kaɗa Ba

Jiya a Nguru na ji ƙaurin fata a kan garwashi, sai na tsinci kaina a Gashuwa, shekarar da jami'a ta ɗauko kakana ya koya wa ɗaliban sashen kiɗa ganga. Ni ce mai ɗaukar kiɗan a waya don a adana.

Ba ya kaɗa ganga sai ya gasa fatarta, yana shafa ta kamar goshin mai zazzaɓi. Hayaƙi na lilo, ɗalibai na gyangyaɗi, ni ina tsaki.

Muka ɗauki komai, saura taken masuntan garinmu. Ya ce ba a kaɗa shi sai kogi ya cika.

Na ce, "Kaka, kogin yana jin ka ne? Kaɗa kawai, ina da abin yi."

Ya yi dariya. "Amarya, wannan gaggawar taki ce za ta sa in sake ki. Jira ruwa."

Sati biyu bayan an binne shi, kogi ya cika. Na nemi makaɗa har Jajimaji, babu wanda ya iya taken.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kaka, Ya sa kana inda koguna ba sa janyewa.