Faɗin Makara

Lungunmu ba shi da suna, amma yana da awo. Tun shekarar da na baro Kebbe da keken ɗinkina ɗaure a saman mota na sayi fegi a bayan tashar Tambuwal aka gaya mini awon: faɗin makara. Wato in mutum fuɗu suka ɗauko gawa a kafaɗa suka wuce, gwiwar hannunsu ba ta gogi bango ba, to lungu ya yi. Wani tsohon magini da duk unguwa ke kira Baba shi ya kafa dokar, tun wurin yana gonar gero. Yana da sanda da ya yanke daidai awon, kuma ba ka isa ka aza tubalin farko ba sai ya zo ya gitta ta.

A lokacin ana iya ƙirga gidajen da yatsu. Yanzu kuwa Allah kaɗai ya san yawanmu. Direbobin Sakkwato, 'yan kabu-kabu masu haya da mashin, leburori, masinjojin sakatariya, mutanen Sanyinna da ke zuwa cin rani su ƙi komawa, har da Fulanin da suka gaji da yawo suka aje sanda. Ɗa ya yi aure, a ƙara ɗaki. Baƙo ya zo, a raba zaure biyu. Da tsakar gida ta ƙare sai aka juyo kan lungu: wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa kwata, wani ya kafa turken rago. Mashin kaɗai ke shiga, shi ma in biyu suka haɗu sai ɗaya ya ja da baya yana zagi. Ban taɓa damuwa ba. Gidana yana can ƙurya, shagona yana bakin lungu yana kallon titi, ƙafata ta ishe ni.

Sai hawan jini ya kayar da mahaifiyata, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Na ɗauko ta daga Kebbe domin nan ya fi kusa da asibiti. Likita ya ce kowane mako a kawo ta gashin ƙashi, in aka yi sakaci hannun da ƙafar za su sandare ke nan. Inna ba ta iya zama a mashin, keke mai ƙafa uku kuma ba ya shiga lungunmu. Dabarar da ta zo mana ita ce muka cire ƙyauren ɗaki, muka shimfiɗa katifa, muka kwantar da ita, matata ta lulluɓe ta da mayafi saboda rana da idon jama'a. Ni da ƙanena da maƙwabta biyu muka ɗauka.

Da hantsi ne, teburin mai shayi cike. Muna ɓullowa bakin titi sai na ga mutane suna aje kofuna suna miƙewa. Wani ɗan kabu-kabu ya kashe mashin ya sauko yana "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Wani dattijo ya matso ya kawo kafaɗarsa zai karɓe ni, yana cewa, "Allah shi gafarta mata. Yaushe anka yi rashin?" Ba laifinsu ba ne, ba a taɓa fito da kowa haka daga lungun nan yana numfashi ba. Na buɗe baki zan yi bayani, sai mayafin ya motsa, Inna ta janye shi da hannunta mai lafiya ta dubi dattijon. Mutumin nan ya yi baya har ya taka kwata.

Mutane sun yi dariya daga baya. Inna ba ta yi ba. Da mako ya zagayo muka zo da ƙyaure, ta juya fuska bango. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, sai ta ce da harshenta da ya yi nauyi, "Tela, mai da ƙofag ga inda ka ciro ta. Sau guda aka ɗaukar mutum a kafaɗa. Wannan ranar ba ni da ta cewa, yau kau ina da ita."

Na roƙa, ƙanena ya roƙa, liman ya zo ya yi nasiha. Ta kafe. Mako biyu suka wuce, ina ganin yatsunta na hagu suna naɗewa cikin tafin hannu kamar ƙafar kaza. Tsoro ya kama ni, kuma ni in tsoro ya kama ni faɗa nake yi.

Na ɗauki awon ɗinkina na je tasha na auna faɗin keke mai ƙafa uku, na dawo na bi lungu gida-gida. Kamu ɗaya da 'yan yatsu kawai muke nema. Bayan sallar la'asar na tare mutane a ƙofar masallaci na zazzage musu abin da ke cikina. Na ce mun yi wa matattu hanya mun manta da masu rai. Na ce mai naƙuda fa, a baro za a tura ta? Na nuna dakalin Baba, wanda ke bakin lungu daura da shagona, na ce shi ne babban abin da ya tare hanya, kuma wannan sanda tasa ta tsufa, a sa ta a murhu. Haka na faɗa, a gaban jama'a, ga mutumin da ya haifi kamata. Har yau in na tuna sai in ji kunnena ya yi zafi.

Baba ya miƙe. Ya shiga gida ya fito da sandar, ya ce, "Taho, ɗana." Jama'a suka biyo mu. Ya fara daga ƙofar gidana yana gitta ta tsakanin bango da bango. Wani wuri ta shige da ƙyar, wani wuri ta gogi dakali, amma tana wucewa. Da muka iso bakin lungu ya gitta ta tsakanin dakalinsa da bangon shagona, sai ta cije. Ya juya ta, ya sake gwadawa, ta ƙi.

"Shekarad da na tafi Makka ka mai da rumfarka bango," in ji shi. "Na dawo na gani, na yi kawaici. Nan wurin ko gawa sai an karkata ta."

Gaskiya ne, kuma na tuna ranar da muka fito da Inna, daidai nan muka karkata ƙyauren har ta riƙe gefensa. Ni da nake ta nuna mutane da yatsa, ashe ni na fi kowa cin lungun.

Shagon nan shi ne abincina. Wurin da na ƙara shi ne inda keken ɗinki ke zama yana kallon titi, duk wanda ya sauka a tasha da yadi a hannu ni yake fara gani. In na rushe, abin da zai rage bai fi wurin aje buhuna ba. Matata ta tambaye ni ko na yi tunani. Na ce na yi, keke biyu ne ba sa zama wuri ɗaya, kuma nawa ne zai matsa.

Washegari da safe na kwashe kaya, na ari diga, na hau bangon da na gina da hannuna. Ba wanda na kira. Ina sara ina jin haushi, rabi na kaina, rabi na duniya. Wajen azahar tafin hannuna ya yi bororo. Sai na ji wani saran a bayana. Na waiga, Baba ne, ya naɗe hannun riga, yana fasa dakalin da yake hutawa a kai tun kafin in zo garin.

"Ba haka aka riƙon diga ba, Tela," ya ce, ko dubana bai yi ba. "Wannan ba almakashi ba ne."

Sauran ba su zo da sauƙi ba. Mai rago ya ce sai bayan Sallah, na je masa sau biyar, a na shida na tumɓuke turken da kaina na kafa masa a ƙofar gidana. Wata gwauruwa mai tuyar waina ta yi kuka kan murhunta, muka gina mata wani a inda shagona ya bari. Kwatoci muka rufe da sulab na siminti. Wani direba ya rantse ba mai taɓa masa katanga, bai yi mini magana ba har damina ta wuce, amma da ya ga tasa kaɗai ta rage tsaye a hanya, shi ya kira magini. Ina ɗinki a zauren gidana can ƙurya, ciniki ya ja baya sosai, ba zan ɓoye ba.

Ranar da keke ya fara shiga, mata suna leƙe ta bakin zaure, direban keken yana tafiya a hankali yana duban hagu da dama. Ya tsaya daidai ƙofarmu. Ni da ƙanena muka tallabo Inna taku uku muka zaunar da ita. Ta sa matata ta ɗaura mata sabon kallabi, mayafin kuma ta ce a bar shi a kafaɗa. Hannun hagun yana kan cinyarta a dunƙule, ta dafe shi da na dama.

A bakin lungu muka tarar da Baba tsaye da sandarsa, ya ɗaura mata wani guntun itace ta ƙara tsawo. Masu shayi suna zaune, ba wanda ya miƙe. Inna ta ce wa direba ya tsaya. Ta dubi tsohon, ta dubi sandar.

"Malam," ta ce, "aje abin awonka. Ban shirya ba tukuna."

Ta taɓa kafaɗar direban, muka hau titi.