Hayaƙin Da Na Manta Ban Yi Wa Inna Ba

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Asabar. Mu uku ne a barandar bene: ni, da Inna mahaifiyata, da maƙwabciyarmu 'yar Meziko wadda ƙofarta ke kallon tamu. Ina shanya tawul, Inna na zaune a kujerar roba da jakarta a cinya, maƙwabciyar kuma ta buɗe ƙofa za ta fitar da shara. Sai wani ƙanshi ya biyo ta, mai ɗan ɗaci, kamar na ciyawar dutse da rana ta gasa. Inna, wadda ta kwana uku ba ta ce mini komai ba sai amsa gaisuwa, ta ɗaga kai ta ce, “Wa aka yi wa ɗaki?”

Kafin ka gane wannan tambaya, mai karatu, sai na koma baya. Zan bi abin daki-daki, don ba na son labari mai tsalle.

A wani ƙauye gabas da Maraɗi na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa. A wurinta baƙo iri biyu ne, mai wucewa da mai zama. Mai wucewa a share masa ɗaki, a shimfiɗa tabarma, a ajiye ruwa. Mai zama kuwa, kamar wadda ta zo wankan jego ko wanda ya zo jinya, sai an yi wa ɗakinsa hayaƙi. A gidanmu ba a cewa mutum “zauna” da baki. Hayaƙin ne ke faɗa.

Bayan la'asar ake yi. Da farko shara, daga ƙurya zuwa ƙofa. Na biyu a yayyafa ruwa. Na uku a ɗebo garwashi daga murhu a kasko, a jira har harshen wutar ya mutu, toka ta fara rufe shi. Sannan Kaka ta murje tazargade tsakanin tafukanta, ta ƙara kajiji, ta kankaro wata jar saiwa da wuƙa. A fara da kusurwar gabas, a zagaye huɗun, a tura kaskon ƙarƙashin gado, a saki asabari har magariba. Tazargaden wajen Buzaye take saya bayan girbi, ta ɓoye shi cikin tukunya don kada danshin damina ya taɓa shi. Idan aka yi ruwa, bangon ƙasa ya jiƙe, ƙanshin kan kwana uku a jikin zani.

Ni ke riƙe kasko. Wata rana na ƙosa in tafi wasa, na watsa ganyen a kan wuta tana ci. Ya babbake, ɗakin ya cika da ƙauri. Kaka ba ta doke ni ba.

“Ƙawata, saurin me kike? Ɗakin zai gudu ne?” Ta miƙo mini tsintsiya. “Daga farko.”

Na ce ai na share. Ta ce ta gani, daga farko. Karatuna bai wuce aji shida na lakkwal, wato firamare, ba, amma abin da na sani na tsari a ranar na koye shi.

Na ga amfanin abin da idona lokacin da mijin gwaggona ya rasu. Bayan ta fita takaba ta iso da ƙullin kaya ɗaya, ta tsaya a tsakar gida tana ta maimaita cewa kwana biyu za ta yi. Kaka sai ta aike ni ɗebo garwashi. Da gwaggo ta ga hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin asabari, sai ta durƙusa tana kwance ƙullin tana kuka. A ɗakin nan ta zauna har ƙarshen ranta.

Yanzu in dawo Greensboro, garin da nake zaune a ƙasar waje. Da Inna ta fara mantuwa, kuma gidanmu na ƙauye ya zama ba kowa, na yi takardu na ɗauko ta. Na rubuta duk abin da ɗakinta ke bukata, na bi ɗaya bayan ɗaya: gado, bargo, sallaya ta fuskanci alƙibla, magunguna a jere. Har ɗan turaren nan da ake maƙalawa a soket na saya. Hayaƙi ko a raina bai zo ba. Shekaru ashirin ina zaune a gidajen da na'urar gobara ke ihu in an soya albasa, har na manta ana hura garwashi a ɗaki.

Mako bakwai, kullum bayan asuba Inna sai ta haɗa jakarta ta zauna kusa da ƙofa. Sau biyu na same ta a gindin bene. Na uku a bakin babban titin Gate City Boulevard na tsinto ta, motoci na wucewa a guje, tana jiran motar Maraɗi. Ƙanena ya ce a waya in mayar da ita gida. Na ce wajen wa? Likita ta yi maganar gidan kula da tsofaffi. Hutun da aka ba ni a wurin aiki saura kwana tara. In ba ta zauna ba kafin nan, sai in zaɓi ɗaya cikin biyun, kuma babu wanda zan iya.

To, a wannan hali nake da ta yi tambayarta a baranda. Tawul ya suɓuce mini. Duk makonnin nan, a ganinta, shara da tabarma na ba ta. Mai wucewa na ɗauke ta.

Ni da maƙwabciyar Turancinmu bai cika cokali ba. Na nuna hancina, na nuna ƙofarta. Ta yi dariya, ta fito da guntun wani ganye fari-fari, ɗaure da zare, ya kusa ƙonewa duka. Ba tazargade ba ne, amma kamar ɗan'uwansa. Ta rubuta mini sunan a bayan rasit: salvia blanca.

Ranar Litinin maƙwabciyar ta zauna da Inna, ni na fita nema a shagunan masu jin Sifaniyanci. A na farko aka ba ni koren ganyen miya a kwalba. Na shinshina, na mayar. A na biyu mai shagon ya karanta takardar, ya nuna mini gaba da hannu. Na ukun ƙarami ne, tsakanin masu gyaran taya da wurin wanki. Daga ƙofa na hango kyandirori da mutum-mutumi jere a kanta, sai na ja na tsaya. Ni mace ce mai taka-tsantsan da addinina. Na daɗe a wurin. Daga baya na ce wa kaina ganye Allah ne ya tsirar da shi, kuma ba abin da ke kan kanta na zo saya ba. Na yi bisimilla na shiga.

Wata dattijuwa ce a ciki. Ta duba takardar, ta ɗauko ɗauri, ta murje ganye ɗaya a tafina. Idona ya kawo ruwa. Na nuna mata hoton Inna a waya. “Mamá?” ta ce. Na gyaɗa kai. Ta miƙo mini wani kaskon yumɓu mai ƙafa uku da ɗan gawayi. Bayan na biya, ta ɗebi ganyen da ya zube a gindin kwali ta ƙara mini. Gyara! Na zaci a kasuwar Maraɗi na baro wannan al'ada.

Ƙarfe biyar saura na share ɗakin daga ƙurya zuwa ƙofa, ko da yake tas yake. Na yayyafa ruwa. Na hura gawayi a baranda. Inna na kallo, jaka a cinya. Maƙwabciyar ta kyasta ashana za ta cinna wa bakin ɗaurin, yadda su suke yi.

“A'a!” Inna ta miƙe. “Ba a kan harshen wuta ba. Wa ya koya wa yarinyar nan?”

Yarinyar da take faɗa ɗin, jikoki huɗu gare ta. Inna ta ajiye jakar a ƙasa, ta karɓi ganyen, ta jira toka ta hau garwashin, ta murje shi da tafukanta sak yadda uwarta ke yi. Na ɗauki kasko, muka fara da gabas. A kusurwa ta uku na'urar gobara ta kwarma ihu. Maƙwabciyar ta hau kujera tana yi mata fifita da tawul.

“Ku bar tsuntsun nan ya yi kukansa,” in ji Inna. “Saura ɗaya.”

Da magariba na fitar da kaskon, na buɗe taga. Inna ta shiga, ta yi sallah, ta zauna a bakin gado. Sannan ta zuge jakar: zannuwa uku, carbi, tandun kwalli.

“Ina za a sa waɗannan?” Na jawo mata durowa. Tana jerawa, ba ta dube ni ba, ta ce, “Kin daɗe ba ki yi ba. Na zaci kwana biyu kike so in yi.”

Ba zan ce maka ta warke ba. Har yanzu takan kira ni da sunan ƙanwarta. Amma jakar na ƙarƙashin gado, na koma aiki, kuma kowace Juma'a bayan la'asar nakan sa ɗan ganye a garwashi. Kajiji na samu wurin wata Hajiya 'yar garinmu. Duk da haka, in Inna ta shaƙa sai ta ce saura abu ɗaya. Jar saiwar nan take nufi. Ita sunan ya ɓace mata, ni kuwa ban taɓa tambaya ba, ina ta saurin zuwa wasa.

Don haka ga roƙona. In kana da tsohuwa daga wajen Maraɗi da hankalinta ke nan, ka tambaye ta yau, kada ka bari sai gobe: wace jar saiwa ce ake kankarewa a kan tazargade in za a yi wa mai zama ɗaki? In ta faɗa, ka rubuta, ka bar wa matan masallacin Juma'a na Greensboro sallahu, ka ce na mai neman saiwar Inna ne. Zai iso ni.