Kabarin Ƙafar Baba

Shekarun baya, mahaifina ne mai wankan gawa a unguwarmu a Zongo. Ko a can unguwar Asawase aka yi rasuwa, shi ake aikowa a kira. Wata Asabar da hantsi na tarar da shi a kan tabarma, ya riƙe ƙafarsa ta hagu da hannu biyu.

"Zo ka taɓa," ya ce.

Na taɓa. Sanyi ƙalau, yatsun har sun fara duhu.

"Tun ba a haife ka ba nake taɓa wannan sanyin a jikin mutane. Ƙafar nan ta riga ni tafiya."

A asibiti likita ta ce jijiyar jini ce ta toshe a ƙasan gwiwa. Za su yi 'yar huda a matsematsinsa, su zura siririyar waya cikin jijiyar har wurin, su hura ɗan balan-balan ya buɗe hanya. In bai buɗe ba, sai yankewa. Ni makanike ne a Magazine, unguwar masu gyaran mota, sai gyaɗa kai nake wai ai kamar bututun mai ne. Baba kuwa yankewar kaɗai ya ji.

A wurinmu ba a barin gaɓar da aka yanke a asibiti, naɗe ta ake a farin ƙyalle a binne. Sai Baba ya yago ƙyalle daga likkafanin da yake ajiye, ya sa abokinsa mai haƙar kabari ya haƙa ɗan rami a maƙabarta. Mahaifiyata ta yi ta faɗa: "Haba Malam, kana numfashi ka sa a haƙa maka rami?" Mai haƙar ya ja ni gefe, ya ce tun da yake bai taɓa haƙa rami ya kwana uku babu mai shi ba.

Ranar aikin, kwana biyu da haƙar, ba su sa shi barci ba. Da yake Turanci ba ya shigarsa, aka tsayar da ni bayan gilashi ina fassara. A talabijin ɗinsu na ga jijiyar Baba baƙa, kamar saiwar rogo, ta sauko ta tsaya cak a gwiwa. Ƙasa da nan wayam, sai ka ce an riga an yanke. Wayar tana rarrafe a cikinsa, shi ko motsi babu, ido a rufe, hannuwa a miƙe a gefe, daidai yadda yake kwantar da mutane. Ni babban makanike sai ga ni na dafe bango.

Can sai muryarsa ta fito a hankali: "Wa ke min wanka?"

Likita ta tambaye ni me ya ce.

"Ana zuba min ruwan ɗumi a ƙafa," ya sake cewa. "Ku fara da dama mana."

Da ƙyar na fassara. Ta nuna min talabijin: baƙin zaren ya wuce gwiwa yana gangarowa har yatsu. Jininsa ne ya dawo.

Mako na zagayowa muka hau trotro, motar haya, zuwa maƙabarta. Ramin na nan baki buɗe. Baba ya jefa ƙyallen ciki, na mayar da ƙasa, ya tattake ta da ƙafar hagu.

Ya yi shekaru yana zuwa masallaci da ƙafar nan, ya kuma koya min aikinsa. Har yau ba na saurin cewa abu ya mutu don na ji sanyinsa. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, ni na yi masa wanka, na fara da dama yadda ya ce. Jiki duk ya huce. Da na zo kan ƙafar hagu sai na ji ɗumi. Ƙanina ya ce ɗumin hannuna ne, kuma watakila gaskiyarsa. Na dai ci gaba da riƙe ta har ta yi sanyi.