Safiyar da Jif ɗin Baba Ta Daina Yoyo

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu, na fito ƙofar gidanmu a Limancin Kona da kwanon yashi a hannu, na durƙusa na leƙa ƙarƙashin jif ɗin Baba. Yashin da na zuba jiya yana nan fari tas, ko ɗigon mai babu. Har yau in na tuna irin murnar da na yi a safiyar nan, sai tsigar jikina ta tashi.

Baba malamin dabbobi ne, aikinsa bin rugage yana yi wa shanu allura, shi ya sa ya riƙe tsohuwar jif mai shiga inda jaki ma sai ya yi shawara. Ciwonta guda ne, yoyon baƙin mai. Bakanikensa, Malam Tanimu na Ƙofar Jatau, ya ce ba a kai wa ga wurin sai an sauke inji gaba ɗaya, kuɗin aikin kuwa ya isa ya ciyar da gidanmu har kaka. Baba ya yi dariya ya ce, "To, ni da ita kowa ya yi haƙuri da ɗan'uwansa." Ƙarfen gwada mai ya daɗe da karyewa, fitilar gargaɗi kuma ta mutu tun ban yi wayo ba, don haka ya ƙirƙiro nasa ma'aunin. In tabon da motar ta kwana ta yi ya kai tafin hannu, mai cikin gwangwanin madara ɗaya zai ɗura mata. In ya kai faifai, biyu. Ni ce 'yar fari, ni ce mai dubawa in kai rahoto kafin in ɗauki tsintsiya.

Rufe tabon da yashi kuwa dokar Iya ce, mahaifiyar Baba. Ita a wurinta wannan baƙin abu sawun ɗanta ne, kuma mai hankali ba ya barin sawu a fili wani mugu ya ɗiba ya kai wa boka. "Rufe shi, Hauwa, kada rana ta gan shi," in ji ta kullum. Mu ma tsoronsa muke ji. Kaji ba sa tsattsaga a wurin, kyanwa kewaye shi take yi, in muna 'yar gala-gala kuwa ba mai yarda dutsenta ya faɗa can. Amma a hanyar makaranta mukan bi ɗigon motar lungu-lungu har bakin ganuwa, muna cewa Baba ya bi ta nan.

A makon nan Iya ta gaji. Ta yi sadakar waina, ta sa aka yi addu'a, ta yayyafa wa motar ruwan tofi da hannunta. Saboda haka da na ruga tsakar gida ina ihu, "Baba, yau babu! Wallahi babu!" ba wanda ya yi tantama. Iya ta ɗaga hannu tana hamdala. Baba, wanda jiya-jiya ya dawo daga doguwar tafiya, ya fito ya leƙa da kansa, ya shafa gemu, ya mayar da galan ɗin mai cikin zaure. Ya ja min kunne da wasa, ya tada mota ya tafi.

Da la'asar aka tsuge da ruwa, Baba bai dawo ba. Kashegari wasu Fulani biyu suka yi sallama a zaure, kansu a ƙasa. Injin ya buga ne a tsakiyar wani rafi da ya saba ƙetarewa, ya tsaya yana fama da shi don kada maganin shanun mutane ya salwanta, ruwa ya taho daga sama ya tafi da shi da motar. A zaman makoki na ji Malam Tanimu yana kuka yana gaya wa ƙanen Baba cewa ba warkewa motar ta yi ba, man ne ya tsiyaye a hanya tun a doguwar tafiyar nan, ba ta da sauran abin zubarwa.

Bayan sadakar bakwai na fito shara, sai ga tabo baƙi ƙirin, ɗanye, daidai tafin hannu, a wurin da babu mota. Na yar da tsintsiya na ƙwala ƙara. Aka zuba yashi, da safe ya fito. Aka kankare ƙasar aka kawo sabuwa, ya sake fitowa. Maza suka ce man shekaru ne da ƙasa ta sha take mayarwa, wataƙila kuma gaskiyarsu ce. Iya ta daɗe a tsaye a kansa, sannan ta karɓe kwanon yashin daga hannuna. "Bar shi," ta ce. "Ya dawo ya kwana ne." Daga ranar ba a ƙara rufe shi ba, kowace safiya takan fito ta dube shi har Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu an shafe ƙofar gidan da siminti, motata kuma ko ƙofa ban rufe da kyau ba sai ta yi ta ƙara. Duk da haka ba na shigarta sai na sunkuya na leƙa, 'ya'yana suna yi min dariya. Kullum wurin tsaf yake, kuma kullum sai gabana ya faɗi.