Turancin Yaya Habu a bakin mai daddawa

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau.

Ɗazu a kasuwar Gaya ledar cefanena ta fashe. Wata tsohuwa mai daddawa, mutuniyar Toranke, ta miƙo min wata ledar, ta ce, "I got you."

Na zuba mata ido. Da wannan Turancin yayana Habu yake lallashina kullum. Bara muka rasa shi a hatsarin babur.

Na ce, "Inna, kin san ma'anarsa?"

Ta ce, "Wai kada ki damu, ina tare da ke. Ɗan acaɓan da ya kawo ni ne ya koya min, wani dogo mai tabo a girar hagu."

Tabon Yaya ke nan. Na ce, "Yaushe?"

Ta ce, "Yau da safe, 'yata."