Ƙyauren Garwa

Inna ba ta taɓa tashi daga gaban mai sayarwa ba gyara ba. In ta miƙa ƙwarya aka auna mata gishiri, ba ta janye hannu. Sai ta bar ƙwaryar a miƙe, ta kau da kai tana gaida wata can gefe kamar ta manta da hannun nata, har mai kaya ya ji kunya ya ɗebo ya ƙara. Duk kasuwar Yekuwa an san ta. Mahauci ya jefa mata guntun huhu, mai daddawa ta ɓantaro mata gefe, Bafillatana ta ƙara mata rabin ludayin nono tana cewa, "Kai, Kaɗo, ba ku ƙoshi!" Inna ta yi dariya ta ce ai nagge ce ta bayar, ba ita ba.

Amma tana da dokarta. Wata ranar kasuwa, ina yarinya, mai ƙuli-ƙuli ta yi mana gyara, ni kuma na sake miƙa hannu. Inna ta kama kunnena ta murɗe, har yau in na tuna sai na shafa wurin.

Ta ce, "Gyara haƙƙin mai saye ce, halal kamar nonon uwa. Amma sau ɗaya ake nemanta. Na biyu bara ne."

Na girma, aka yi mini aure a Magarya, zamanin Nasara na nan. Maigidana mai jakai ne, yana ɗauko gyaɗa daga ƙauyuka zuwa wurin awo. Wanda bai ga Magarya da kakar gyaɗa a wancan lokaci ba, bai ga Magarya ba. Buhuna tsibi-tsibi, raƙuma, jakai, manyan motoci masu tafiya Kano, kantuna a buɗe da atamfa da sabulu da sukari. Da an gama sayen gyaɗa kuwa, masu kanti su ja ƙofa su koma inda suka fito, gari ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ni fura nake damawa 'yan dako a gindin wata tsamiya, daf da kantin wani Bakwara, cikin fataken Larabawan nan.

Bayan girbi na je gida ganin Inna. Baba ya rasu shekara ta zagayo, tana zaune ita kaɗai a ɗakinta. Ina shiga gidan na ga ba ƙyaure. Gara ta cinye shi, an rataya asabari a madadinsa. Ga shi Baba, Allah Ya jiƙansa, shi ya san dalilin da ya sa ya fuskantar da ƙofar ɗakin nan gabas, inda ruwa ke fitowa da iska. Na tambayi Inna, ta ce asabari ma ƙofa ce, ta fi shan iska. Tana faɗa tana tari, wani busasshen tari da ban san ta da shi ba. Matar wana ce ta ja ni bayan rumbu ta gaya mini gaskiya. Duk daminar da ta wuce, in hadari ya taso, ruwa har gadon kara yake dukan tsohuwar nan. Sun yi sun yi ta koma ɗakinsu, ta ce ba ta barin ɗakin mijinta.

Ta ce, "Wallahi in ta sake damina haka, ban ce komi ba dai."

Ban iya cin tuwon ranar ba. Kafin in baro Yekuwa na auna ƙofar da igiya, na ƙulla tsawo na ƙulla faɗi, na sa a raina cewa ruwan bana ba zai taɓa Inna ba. Ƙyauren garwa zan yi mata, irin na gidajen attajiran Magarya, wanda ake fasa garwar kananzir a shimfiɗe a buga a jikin katako ciki da waje. Gara ta zo ta ci in tana da haƙori.

To, buri ba kuɗi ba ne. Katako mai sauƙi, maigidana ya samo ɓallayen akwati a wurin awo. Garwa kuwa tsada take kamar me, kowa na so, masu ɗiban ruwa na so, masu man gyaɗa na so. Sai dai akwai wata al'ada a kantin Bakwaran nan. Kananzir da kwalba ake sayarwa, komi, wato yaron kantin mai awo da lissafi, yana ɗiba daga garwa. Wanda duk awonsa ya zo a ƙarshe, garwa ta ƙare a kansa, to garwar tasa ce. Kado suke ce da ita, kyautar kanti. Da na ji haka na ce, ashe gyara ce ta sa wando.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na bi matan unguwarmu waɗanda ba su fita, na ce duk mai son kananzir ta ba ni kwalbarta da kuɗinta, ni zan sayo ba lada. Suka yi ta sa mini albarka, ni kuwa na san abin da nake haƙo. Na jera kwalabe a cikin kwando ƙarƙashin ƙwaryar fura, na kasa kunne. Garwa tana magana, in kana da kunnen ji. In tana cike, komi ya tsoma gwangwani, ba ka jin komi sai ɓul. In ta yi rabi, murya ta fara buɗewa. In ka ji gwangwani ya karci gindi, ƙarar, ka ga komi ya karkata ta da gwiwa, to ajiye ludayi ka tashi. Ta fari da na samu, a ka na ɗauko ta har gida ina rangwaɗa kamar amarya.

Ashe ba ni kaɗai ke da kunne a Magarya ba.

Akwai wani tsoho maƙeri da ke da rumfa a ɗaya gefen kantin, yana yanka garwa yana yin fitilar aci-bal-bal da mazurari. Ido ɗaya gare shi, amma kunne kamar na zomo. Kafin zuwana shi ke kwashe garewanin kantin nan ba mai ja da shi. Ranar da ya gane ni, sai ya tako da sandarsa har gindin tsamiya, ya leƙa kwandona.

Ya ce, "Ɗiyata, fura kike sayarwa ko kwalba?"

Na ce, "Baba, abin da ka gani shi ne."

Ya ce, "To, kifi na ganinki, mai jar koma."

Daga ranar muka sa zare. Wata rana ni, wata rana shi. Tsohon nan makirci gare shi, wallahi. Sai ya ƙwanƙwasa tasa garwar a cikin rumfa, ya karci gindinta da ƙarfe, in zabura in bar masu fura tsaye in ruga kanti, in tarar yanzu ma aka fasa sabuwa. In juyo in gan shi yana dariya har da riƙe ciki. Ni ma na rama. Na lura da azahar ba ya wasa da jam'i, sai na riƙa jinkirta sayen kwalabena har ladan ya kira. In ya dawo ya ga garwa a gefena ya ce, "Allah Ya isa tsakanina da kunnenki." In ce, "Baba, kai ka samu lada, ni na samu garwa, wa aka cuta?" Har 'yan dako suka rabu biyu, masu goyon bayana da masu goyon bayansa, yaron kantin kuwa ya mai da mu abin kallo. Duk da haka kullum da rana sai na aika masa da fura, shi ma bai taɓa mayarwa ba. Ban gaya masa abin da zan yi da garwa ba, don a ganina ya sani ko bai sani ba, ba abin da zai rage.

Haka muka yi har gyaɗa ta ƙare, zafi ya shigo, Bakwara ya fara ɗaure kaya. Na shimfiɗa igiyata a tsakar gida, maigidana ya gwada ya sake gwadawa, ya ce saura garwa ɗaya. Yaron kantin kuma ya ce wadda ke buɗe ita ce ta ƙarshe, ba a fasa wata sai baɗi.

Ranar da ta kusa ƙarewa, ko fura ban dama da yawa ba, na zauna kunne a tsaye. Can da hantsi sai ga wata tawagar raƙuma, mutanen suka yanyame ni, wannan miƙo ƙwarya, wancan ƙaro nono. Raƙuma na ta kuka a kaina. Ina cikin damu na ɗaga ido, sai na ga tsoho yana fitowa daga kanti, sanda a hannu ɗaya, garwa a ɗaya. Ko kallona bai yi ba.

Abin da na faɗa masa ranar ba na maimaitawa. Na ce da shi tsohon banza, mai haɗama, wanda zai shiga kabari da mazurari. Na yi kuka a gaban 'yan dako, ni da ko a ɗakin haihuwa ba a ji muryata ba. Ya shige rumfarsa, kafin la'asar ina jin almakashinsa yana cin garwar nan, ƙaras ƙaras, kamar a ƙirjina.

Ga wani abin haushin, duk unguwar ba mai iya fasa garwa ya buga ƙyaure sai shi. Na yi kwanaki ina cika ina batsewa. Da na ga gabas ta fara haɗa gira da yamma, na ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ɗora garewani da katako a jaki na kai masa, na ajiye igiya a gabansa ba ko sallamar kirki. Ya warware ta, ya gwada da kamu.

Ya ce, "Ba za su kai ba."

Na ce, "Na sani, ai ka san wanda ya ci sauran. Ka rufe waje duka, ciki ka bar ƙasan."

Ya ce, "Nan ne kuwa gara ke fara ci. Ƙofar wa ce?"

Na ce ta uwata ce, a Yekuwa. Na gaya masa zancen asabari da gabas da tari, ba don ya ji tausayina ba, don dai ya ji kunya. Ya faɗi ladan aikinsa, na biya ban taya ba, ban kuma nemi komi a kai ba. Tunda nake ban taɓa yin ciniki irin wannan ba, in tashi hannu a janye.

Ranar da na koma ɗauka, ƙyauren na jingine a rumfa yana ɗaukar ido. Na juya cikinsa. Ƙasan da na ce a bari a rufe yake ruf, amma ba da garwa ɗaya ba. Guntayen da ke zuba in yana yankan fitila ne ya tsince, wani kamar tafin hannu, wani bai kai ba, ya jera su baki a kan baki kamar ɓawon kifi, ya bi kowanne da ƙusa. Aikin da ya fi na sauran ƙyauren duka wahala. Har katakon ya shafe da guntun kananzir saboda gara.

Na ce, "Baba, wannan fa? Ban biya wannan ba."

Ya ce, "Gyara ce. Ke da kika addabi gari da nemanta, yau kin manta?" Ya juya ya ci gaba da bugun mazurarinsa. "Ɗauke mini shi daga nan, yana kashe mini idon da ya rage."

Muka kai shi Yekuwa a kan jaki, yara na bin mu. Wana ya kafa shi. Inna ta zagaya ta ƙwanƙwasa, ta ce wannan ai sai gidan kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasa. Da ta ga guntayen nan na ƙasa ta tsuguna ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, na ba ta labari. Ta ce, "Wannan mutum ya san ciniki. Kin gode masa?" Na ce da ƙyar. Ta ce in na koma in kai masa daddawa.

Na zauna har ruwan fari. Da la'asar ya zo, da iska mai kada mutum. Inna da ta ƙi rufe ƙyauren tun da aka kafa, wai ba ta jin masu wucewa, ta ce, "To, rufe mu gani." Na rufe. Ruwa ya dinga dukan garwa kamar ana kiɗan biki, ko maganar juna ba mu ji. Inna ta sa hannu ta shafa ƙasa a bakin ƙofa, ta shafa gadonta, ta nuna mini tafin hannunta a bushe, tana dariya ba haƙori. Daɗin da na ji ranar ban sake jin irinsa ba.

Ta ci wannan damina lafiya, tari ya lafa, har ta yi ƙiba. Ta ga girbi, ta ga haihuwar ɗana na biyu, ta goya shi, ta koma kasuwa tana miƙa ƙwaryarta. Sai da wata daminar ta kusa tarin ya dawo, wannan karon da jini. Na zo a gigice. Na ce a ɗora ta a jaki mu tafi Magarya wurin likita, in ya ƙi mu wuce Damagaram, in sayar da duk abin da na mallaka. Ina faɗa ina kuka ina faɗa da kowa.

Ta bari na gama, sannan ta ce in matso. Na durƙusa a bakin gado.

Ta ce, "Awona ya cika tun daminar asabari, na sani a jikina. Wannan shekarar da kika gani, gyara ce Allah Ya yi mini, na kuwa karɓa hannu biyu."

Na ce, "Inna, ko ɗaya ce a ƙara."

Ta lalubo kunnena, wancan dai na kasuwar Yekuwa, ta riƙe. Ba ƙarfin murɗewa a hannun.

Ta ce, "Sau nawa na ce miki ake nema?"